Abin da Giwa Take Ji, Mu Ba Mu Ji

 

Mukan ce gani ya kori ji. To, amma ganin namu da jin namu, ina iyakarsu?

In muka tashi daga nan Miri, muka ratsa garin Bauchi, muka kama hanyar Gombe, sa'an nan muka ratse kudu a Dindima, za mu isa dajin Yankari, wanda aka keɓe domin namun daji a shekarar 1956. A can akwai giwaye. Mu dai babban kukan giwa muka sani, amma tana da wata murya ta ƙasa-ƙasa wadda kunnenmu ba ya kamawa. Kunnen mutum yana jin sautin da yake kaɗawa sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Muryar nan takan sauka ƙasa da 20, ga shi kuwa 'yan'uwanta suna jinta daga nisan kilomitoci. Sai a shekarar 1984 wata mai bincike, Katy Payne, ta lura da wannan a wani gidan namun daji a Amurka. Tun tuni giwaye suke kiran junansu, mu muna cewa daji ya yi shiru!

Haka kuma ƙananan jemagu masu cin ƙwari. Sukan fitar da siririn sautin da ya fi ƙarfin kunnenmu, su saurari amsa-kuwwarsa, su cafke ƙwaro cikin baƙin duhu. Gaggafa kuwa tana hango abincinta daga can sama, inda mu ba za mu ga kome ba.

Wannan ya tuna mana da Ayuba. Ya rasa 'ya'yansa, da dukiyarsa, da lafiyarsa. Abokansa suka dubi miyakun jikinsa, suka yanke cewa alhakin zunubinsa ne. Sa'ad da Allah ya amsa, daga sura 38, bai bayyana masa dalilin wahalarsa ba, sai ya yi ta yi masa tambayoyi a kan halitta. A sura 39 har ya ambaci gaggafa da nisan ganinta. Daga ƙarshe Ayuba ya yarda ya yi magana a kan abin da ya fi ƙarfin saninsa, Allah kuwa ya tsauta wa abokan nan.

'Yan'uwa, in muryar giwa ta ɓuya mana, yaya za mu ce mun san zuciyar maƙwabcinmu? Kada mu yi garajen yanke wa mai shan wahala hukunci. In kuwa mu ne cikin wahalar, muna ta addu'a, muna ganin kamar an yi mana shiru, kada mu fid da zuciya. Kunnenmu ne yake da iyaka, Mahaliccin kunne ba shi da ita.