Abin Da Ke Sa Magani Ya Daina Ci

Yau maganarmu a kan wani kuka ce da ake yawan kawo wa malaman dispensa. Mutum ya kan zo ya ce, "Malam, maganin nan da na saba sha yanzu ba ya yi mini kome. Ko dai na jabu ne?" Wani lokaci na jabun ne, don akwai shi a kasuwa. Amma sau da yawa maganin na kirki ne, ƙwayar cutar ce ta canza. Ku kasa kunne ku ji yadda haka ke faruwa, don da hannunmu a ciki.

Da fari dai ku tuna cututtuka da yawa, kamar su taifot da tarin fuka da ciwon sanyi da maruru, waɗansu 'yan ƙananan halittu ne ke kawo su. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne mu ke kira ƙwayoyin cuta. Suna da rai, suna ci, suna hayayyafa, kuma hayayyafarsu abin mamaki ce. Ƙwaya ɗaya ta kan rabu biyu, biyun nan su rabu huɗu. Akwai irin da ke rabuwa duk bayan minti 20 in ta sami wurin da ya yi mata daɗi. Ku lissafa, daga hantsi zuwa la'asar, watau awa 7, ƙwaya guda ta zama fiye da miliyan 2.

Kakanninmu ba su da maganin da ke kashe waɗannan ƙwayoyi a cikin jiki, haka ma Turawa. Sai cikin 1928 wani likita mai bincike a birnin Landan, ana ce da shi Alexander Fleming, ya ga fumfuna ta tsiro a kan wani ɗan faranti da ya ke kiwon ƙwayoyin cuta a kai. Ya lura duk kewayen fumfunar nan ƙwayoyin sun mutu. Daga nan aka sami penisilin. Waɗansu masana a Oxford suka tace shi, aka fara yi wa marasa lafiya allurarsa cikin 1941, mutanen da aka fid da rai gare su suka riƙa tashi. Amma tun 1945, sa'ad da aka ba Fleming lambar girma ta Nobel, ya ja kunnen jama'a. Ya nuna in mutum ya sha maganin kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayoyin ba, to koya musu jure shi ya ke yi. Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. Kafin 1950, a wani babban asibitin Landan, fiye da rabin ƙwayoyin da ke kawo maruru da ruɓar miki sun daina jin penisilin.

To, yaya ƙwaya ke daina jin magani? Ku manoma ne, bari in kwatanta muku da gona. In ka yi noman fari, ciyawa mai laushi duk ta mutu, amma ƙiri-ƙiri ta kan bar saiwarta a ƙasa. In ka koma ka yi maimai, ka gama da ita. In kuwa ka ga gona ta yi fes ka rataye fartanya, sai ƙiri-ƙiri ta sami fili ita kaɗai, ba mai takura ta, ta cinye gonar. Haka abin ya ke a jikinka. Cikin miliyoyin ƙwayoyin nan a kan sami 'yan kaɗan masu taurin rai. Kwana biyu da fara shan magani masu rauni sun mutu, zazzaɓi ya sauka, ka ji garau. In ka ajiye maganin a nan, masu taurin ne suka rage, su ne za su hayayyafa. Ciwon ya dawo, ka ɗauko maganin jiya, ya ƙi ci. Abin bai tsaya gare ka ba. Ƙwayoyin nan su ne za ka ba matarka da 'ya'yanka ta wajen tari, ko hannun da ba a wanke ba, ko ruwan rijiyar da bayan gida ya gurɓata. Har ma masana sun gano ƙwaya ta kan miƙa wa wata ƙwaya wannan taurin, ko da ba irinsu ɗaya ba.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasar Turawa ne. Manyanku sun san kulorakwin. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, ga araha, ga aiki, ko da ya ke ya kan sa waɗansu ƙaiƙayi. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin zazzaɓin da ba ya jinsa a kan iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolambiya ta Amurka ta Kudu. Ya iso Afirka ta Gabas wajen 1978, ya shigo ƙasashenmu na yamma cikin shekarun 1980. Uwa ta ba yaro magani kamar yadda ta saba, zazzaɓi bai sauka ba, jini ya ƙare, yaro ya tafi. An yi hasarar yara masu yawa ta haka. Cikin 2005 Gwamnatin Nijeriya ta bar kulorakwin ta koma ga haɗin maganin da ake kira ACT, wanda ake yi da wani tsiro na ƙasar Sin, dangin tazargade. Shi ne a hannunmu yanzu, kuma yana aiki. Amma cikin 2020 da 2021 masu bincike sun ba da labari daga Ruwanda da Uganda cewa ƙwayar zazzaɓin ta fara yi masa taurin kai a can. Irin ACT da aka fi bayarwa a dispensa sau 6 ake sha cikin kwana 3, safe da yamma. Wanda ya sha sau 3 ya ɓoye sauran don wata rana, noman fari ya yi ya bar maimai.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna, watau mai tallan magani a faranti ran kasuwa. Kun san shi. Magani na kwance cikin rana tun safe, kafso ja da rawaya a gefe guda, na ciwon kai a gefe guda. Ka ce masa cikinka na murɗa, ya ƙirga maka guda 2 ko 3 gwargwadon kuɗinka. Na taɓa tsayawa kusa da wani irinsa, na ga ya ba mutum uku kafso iri ɗaya, ɗaya mai mura, ɗaya mai ciwon baya, ɗaya kuwa akuyarsa ce ba lafiya. Ban ga laifin masu sayen ƙwarai ba, don asibiti da nisa, kuɗi kuma ba su da yawa. Amma lalle ne ku sani kafso 2 ba su warkad da kome, sai dai su horar da ƙwayoyin da ke cikin hanjinku.

Mura kuwa, da yawancin tarin da ke zuwa da hunturu, wata irin ƙwaya ce dabam ke kawo su, wadda ta fi waɗancan ƙanƙanta nesa, ana ce da ita bairos. Penisilin da 'yan'uwansa ba su taɓa ta ko kaɗan. Haka yawancin zawon yara. Abin da ke ceton yaro mai zawo shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Sai in an ga jini cikin bayan gidan, ko ana zaton kwalara, sa'an nan malami zai ƙara da maganin kashe ƙwayoyi. Don haka in malamin dispensa ya duba ɗanki ya ce ba ya bukatar kafso, kada ki fita kina cewa ya yi miki rowa. Kai kuma maigida, ka daina matsa masa sai ya yi maka allura. Maganin da ke cikin allura da wanda ake haɗiya sau da yawa abu guda ne, allura ta wanda ciwo ya kayar ce, ko wanda ke amai ba ya riƙe kome.

Waɗansu su kan yi fushi in an ce su kawo fitsari ko majina ko jini a auna, su ce ana ɓata musu lokaci. Bari in gaya muku abin da ake yi da shi a ɗakin awo. Ma'aikaci ya kan shafa ɗan kaɗan a kan faranti mai wani abinci kamar kamu mai kauri, ya sa shi a akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum, ya kwana. Da safe ƙwayoyin sun tsiro, ana ganinsu ɗigo-ɗigo. Sai ya shimfiɗa su a wani farantin, ya ɗora 'yan takardu ƙanana masu kewaye, kowace an jiƙa ta da magani iri dabam, a sake kwana. Takardar da aka ga fili fes kewaye da ita, maganinta na kashe ƙwayar. Wadda ƙwayoyi suka tsiro har bakinta, maganinta ba shi da amfani gare ka, ko da buhu ka sha. Abin da ya sa a kan ce ka dawo bayan kwana 2 ko 3 ke nan. Zazzaɓin cizon sauro shi ba ya ɗaukar wannan lokaci, ɗigon jini daga yatsa ya isa, cikin minti 20 an san ko shi ne. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Masu tarin fuka, da ku na ke musamman. Maganinku wata 6 ne, kullum, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin Gwamnati. Cikin wata 2 tari ya kan lafa, jiki ya murmure, a nan ne mutane da yawa ke gudu, wani ya tafi cin rani ya bar katinsa a gida. Tarin da ke dawowa bayan haka ya kan zo da ƙwayar da ba ta jin manyan magungunan farko. Da can irin wannan sai an yi wata 18 zuwa 24 ana magani, har da allurai masu kurmantad da mutum. Cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wani sabon haɗi na wata 6 wanda haɗiya kawai ake yi, akwai kuma na'ura mai suna GeneXpert da ke duba majina cikin kamar awa 2 ta nuna ko ƙwayar mai taurin ce. Duk da haka gara kada a kai can. In tafiya ta kama ka, ka gaya wa malami tun da wuri, ya rubuta maka takarda zuwa asibitin garin da za ka.

Masana da suka yi lissafin duniya duka sun sami mutum wajen miliyan 1 da dubu 270 ne suka mutu cikin 2019 saboda ƙwayoyin da ba su jin magani. Da aka auna da yawan jama'a kuwa, yankin da abin ya fi tsanani shi ne namu, Afirka ta Yamma. Makiyaya da masu kiwon kaji ma da rabonsu a ciki, don maganin da ake zuba wa kaji a ruwa ko ake ɗirka wa saniya ba da izinin malamin dabbobi ba, dangin namu ne, kuma ya kan fito cikin nono da ƙwai da nama. In an yi wa saniya allura, ku tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a yi kafin a kai nononta kasuwa.

In an ba ku magani a dispensa yau, kada ku tashi sai kun tambaya sau nawa za a sha a yini, kwana nawa kuma. Wanda bai iya karatu ba ya roƙi malami ya yi masa zane a jikin takardar. In maganin ya sa ƙuraje ko kumburin fuska ko numfashi da ƙyar, a dakata a komo wurin malami nan da nan. In kwana 3 sun wuce ba sauƙi, a komo kuma, kada a biya ta wurin mai faranti. Wanda za ku saya a kantin magani, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jikin kwalin.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan rijiya da masai, da tazarar da ta kamata a bari tsakaninsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.