Wa ke iya ba rautarku umarni daga nesa?



Kowace rauta da kowane suwic da ke rataye a bangon ofisoshinku aiki biyu suke yi: miƙa bayanai inda aka nufa, da sauraron mai ba su umarni. A da, sai injiniya ya tsuguna gaban na'urar, ya jona wata shuɗiyar waya daga kwamfutarsa zuwa ramin da ke jikinta, sannan ya yi mata magana. To amma mutum ɗaya ba zai iya zagaye na'urorin da ke warwatse tsakanin Kano da Gusau ba, shi ya sa aka buɗe hanyar sarrafa su daga nesa. Matsayina a kan wannan hanya ɗaya ne: kada ta bi layin da kowa ke bi.

Tsohuwar hanyar ita ce Telnet, wadda ta samo asali tun 1969, lokacin da masu hawa layin 'yan tsiraru ne kuma sun san juna. Tsirara kalmar sirri ke tafiya a cikinta, duk wanda ya kasa kunne zai tsince ta. Irin wannan satar ce aka yi a jami'ar fasaha ta Helsinki, har ta sa Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995, wadda ke lulluɓe duk abin da aka aika. Duk da haka ba a rabu da Telnet ba. A 2016 manhajar ɓarna mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana ƙwanƙwasa mashiga ta 23, wadda Telnet ke bi, tana gwada kalmomin sirri kusan sittin waɗanda na'urori ke fitowa da su daga masana'anta. Da rundunar da ta tara aka kai wa kamfanin Dyn hari a watan Oktoba, Twitter da Netflix, waɗanda suka dogara da shi, suka gagari mutane da yawa a Amurka.

A Nuwamban wannan shekarar wani reshen Mirai ya afka wa mashiga ta 7547, wadda kamfanonin sadarwa ke bi su gyara rautocin gidajen abokan cinikinsu. Rautoci wajen 900,000 na Deutsche Telekom suka sandare a Jamus. Mutumin da ya yi wannan aika-aika, Daniel Kaye, shi ne kuma ya kai wa kamfanin Lonestar hari a Laberiya, kotun Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a 2019.

Na san abin da wasunku za su ce: ai mu mun sauya kalmar sirri. Madalla, amma ku saurari wannan. MikroTik, na'urar ƙasar Latbiya da ta cika otel-otel da makarantu da ƙananan masu sayar da intanet a ƙasarmu saboda sauƙin kuɗinta, ana sarrafa ta da manhajar Winbox ta mashiga ta 8291. A Afrilun 2018 aka gano ɓarakar da ke ba baƙo damar kwashe fayil ɗin da kalmomin sirrin ke ciki ba tare da an tambaye shi komai ba. Kamfanin ya fitar da gyara nan da nan, amma zuwa Agusta an mamaye rautoci sama da 200,000, galibi a Barazil, don masu su ba su sabunta ba. A Oktoban 2023 aka maimaita da shafin sarrafawa na Cisco IOS XE: maharin da kansa yake yanka wa kansa sabon asusu mai cikakken iko, dubun-dubatar na'urori suka faɗa hannu. Ingancin kwaɗo bai hana komai ba, tunda ƙyauren ne ya ruɓe. Wata huɗu kafin nan hukumar CISA ta Amurka ta riga ta umarci ma'aikatun tarayya su janye irin waɗannan shafuka daga buɗaɗɗiyar intanet cikin kwana 14 da gano su, ko su sa musu shinge na musamman.

Akwai dalili na biyu, kuma babu ɓarawo a cikinsa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse manyan layukan Facebook, WhatsApp da Instagram suka tafi tare da shi na kusan awa shida. Hanyoyin da injiniyoyi za su bi su gyara daga nesa su ma sun yanke, sai da aka tura mutane cibiyoyin na'urorin da ƙafarsu.

Abin da nake roƙon sashen kwamfuta na kowace makaranta ba mai tsada ba ne. A kashe Telnet da duk shafin da ba a amfani da shi. A ware wa sarrafawa nata layin, a shige shi ta VPN kawai, daga adireshin da aka tantance. Kafin a taɓa na'urar da ke nesa, a kunna abin da zai mayar da ita yadda take idan magana ta yanke; MikroTik, Juniper da Cisco duk suna da irinsa. Sannan a jona wa babbar rauta ƙaramin modem da sim na wani kamfani dabam. Shi wannan sim ɗin, a rubuta kuɗinsa cikin kasafin shekara, a kuma ɗora wa mutum ɗaya gwada shi duk wata, domin layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan rufe shi.