Lotte Reiniger: Matar da Ta Yi Fim da Almakashi



In aka tambayi wanda ya fara yin dogon fim na zane mai motsi, yawancin mutane Walt Disney na Amurka za su ambata, saboda fim ɗinsa Snow White na 1937. To, amma shekara 11 kafin wannan, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta riga ta fito da nata, wanda shi ne mafi daɗewa a cikin dogayen finafinan irin wannan da suka wanzu har yau.

An haife ta a Barlin a 1899. Tun tana yarinya take yanka siffofin mutane da dabbobi da almakashi, tana yi wa iyayenta wasan inuwa. Da ta tasa sai ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, inda wani mashahurin ɗan wasa, Paul Wegener, ya ga aikin hannunta, ya jawo ta cikin harkar silima. Ta yi gajeren fim ɗinta na farko a 1919, a 1921 kuma ta auri Carl Koch, wanda ya zama mai ɗaukar mata hoto.

Ga yadda take aikin. Za ta yanka siffar mutum daga baƙin kwali, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, sa'an nan ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya. Sai ta shimfiɗa siffar bisa teburin gilashi, fitila na haskowa daga ƙasa, na'urar ɗaukar hoto kuma na rataye a sama. A ɗauki hoto ɗaya, ta gusa hannun siffar kaɗan, a sake ɗaukar wani. Bisa ƙa'idar silima, sakan ɗaya yana cin hoto 24, watau minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Domin a ga kusa da nesa, sai ta jera gilasai hawa-hawa, dabarar da kamfanin Disney ya shahara da ita daga baya.

A 1923 wani mai banki, Louis Hagen, ya ɗauki nauyin aikinta, ya ba ta ɗan ɗaki a gidansa na Potsdam. Shekara uku ita da mijinta da mataimaka 'yan kaɗan suka yi a duƙe, kafin a nuna fim ɗin Yarima Ahmad a 1926. Labarinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, gama daga Dare Dubu da Ɗaya ta tsamo shi: ga dokin sihiri mai tashi sama, ga Aladdin da fitilarsa, ga aljannu. Tsawonsa ya ɗan haura sa'a guda.

Bayan Hitila ya hau mulki a 1933, zama ya yi musu wuya, domin ra'ayinsu ya saɓa wa na gwamnati. Suka bar Jamus, suka yi ta yawo tsakanin Ingila da Faransa da Italiya, ba ƙasar da ta ba su izinin zama na dindindin. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu suka koma Barlin don jinyar mahaifiyarta. Asalin fim ɗin Yarima Ahmad ya salwanta, sai wani kwafi da aka adana a Landan ya cece shi. Ba domin wannan ba, da ya bi sahun finafinan Quirino Cristiani na Ajantina, waɗanda suka riga nata amma suka salwanta.

Daga 1949 suka zauna a Landan, inda ta yi ta mayar da tatsuniyoyin Turai gajerun finafinai don talabijin. Mijinta ya rasu a 1963, ita kuwa a Jamus a 1981, tana da shekara 82.

Ɗalibi ya lura cewa rashin manyan kayan aiki bai hana ta ba, almakashi da kwali da haƙuri suka ishe ta. Ma'aikaci kuwa, musamman mai kula da ɗakin ajiya, ya tuna cewa kwafi ɗaya tak da wani ya adana shi ya sa ake kallon aikinta har gobe.