Takardar Tara a Hannun Malami: Biya ko Kotu

Jawabin kwamitin jin daɗin malamai a taron reshe da aka yi a Dogon Daji



Mai girma shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, 'yan'uwa malamai maza da mata na Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Tambuwal, da baƙinmu da suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, barkanku da zuwa.

An ɗora mana wannan magana ne saboda koke-koken da ke zuwa teburinmu, domin mu ba lauyoyi ba ne. Idan aka ɗebe batun albashi da ƙarin girma, da wuya a sami abin da ke kawo malami wurinmu yana huci kamar tsare shi da aka yi a hanya. Allah ya zaunar da mu a bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa nan da Tambuwal, ya nufi Jega da Yawuri. Mai zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, da mai zuwa tantancewa a Sakkwato, da mai neman banki ranar albashi, duk sai sun hau wannan kwalta, kuma mafi yawanmu a kan babur muke hawanta.

Bari mu fara da abin da ya sami wani ɗan'uwanmu a daminar da ta wuce, wanda ya yarje mana mu faɗa ba tare da sunansa ba. An tsare shi babu hular kwano, aka rubuta masa takarda, aka riƙe takardun babur ɗinsa. Laifin nasa ne, bai kuwa musa ba. Yana cikin sauri sai wani saurayi da ke zaune a ƙofar wani shago ya ce ya kawo N5,000 a biya masa ta intanet, ya huta da layin banki. Ya bayar. Saurayin ya dawo da farar takarda mai lambobi, malam ya ninke ya sa aljihu. Da ya koma karɓar takardunsa aka duba, sai aka tarar ba a biya ko kwabo ba. Abin da ke hannunsa takardar neman biya ce, wadda kowa ke iya bugawa, ba rasidin biya ba. Tarar da doka ta sa wa laifin N2,000 ce. Ya sake biya, ya rasa kwana biyu na aiki, 'yan aji shida suka zauna ba malami. Mutumin da ke koya wa yara karatu, shi aka cuta da takarda, don bai tsaya ya karanta ta ba.

To, mece ce wannan takarda? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda muke kira Rod Sefti, an kafa ta a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. A ƙarshen dokar akwai jadawalin laifuffuka, kowane da tararsa da makinsa. Jadawalin ya sa N2,000 ga rashin hular kwano da rashin ɗaura bel, N3,000 ga gudu fiye da ƙima, N4,000 ga amsa waya ana tuƙi, N10,000 ga tuƙi ba lasisi da lodi fiye da ƙima, N50,000 ga tuƙin ganganci. Ku lura da N10,000 ɗin nan: kashi ɗaya ne cikin bakwai na mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Mu da muka san yadda wata ke yi wa malamin firamare tsawo, ba sai an yi mana bayani ba. Makin kuwa yana bin lasisin mutum, idan ya taru ana iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da lasisin, ko a janye shi.

Abin da muka fi so ya zauna a zukatanmu yau shi ne: takardar da jami'i ya miƙa maka zargi ne. Jami'i ba alƙali ba ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma ba a hukunta mutum da laifin da ba rubuce yake a cikin doka ba tare da hukuncinsa. Saboda haka mai riƙe da takardar tara yana da ƙofa biyu. Ko ya amince ya yi laifin, ya biya, wanda ke nufin ya yafe haƙƙinsa na zuwa kotu. Ko ya ƙi amincewa, ya nemi a kai maganar gaban alƙali. Dukansu halattattu ne. Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne neman ƙofa ta uku.

Idan ka san ka yi laifin, shawararmu ka biya, kada ka ɓata ranar yara a kan abin da ka san gaskiya ne. Amma biyan yana da ladabi. Tun daga 2015, lokacin da gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya, tarar hukumomin tarayya ta hanyar Remita take shiga. Ana fitar da lamba mai alƙaluma goma sha biyu da ake kira RRR, a biya da ita a banki ko ta waya. Fitar da lambar daban, biyan kuɗin daban, kuma a tsakaninsu aka ci ɗan'uwanmu. Kafin ka bar wurin, ka tabbata takardar ta nuna an biya, sunanka ne a kai, kuma adadin ya yi daidai da na takardar laifin. Ka rubuta lambar RRR a bayan littafin tsara darasi ko a wani wuri da ba ka rabuwa da shi, domin da ita ake sake duba ko an biya, a kuma sake buga rasidi idan ya ɓace ko ruwa ya jiƙa shi. Sannan ka kai rasidin ofishin da ya rubuta takardar, a saki abin da aka riƙe. Mutane da yawa suna biya su tsaya nan, su bar lasisi ko takardun mota a aljihun teburin wani ofishi wata da watanni. Akwai kuma wa'adi a jikin takardar, a karanta shi, domin idan ya wuce hukuma na iya gurfanar da mutum. Idan abin hawan ne aka tsare, kowace kwana da ya ƙara tana da kuɗin ajiya.

Ƙofa ta biyu ita ce mutanenmu ke tsoro. Mun tashi mun tarar ana ganin shiga kotu abin kunya ne, har wani ya gwammace ya biya tarar laifin da bai yi ba, kada a ji a gari cewa malam ya tsaya gaban alƙali. Muna ganin wannan kunyar ta yi mana tsada. Laifuffukan hanya kotun majistare ke sauraronsu, wani lokaci a zaurenta, wani lokaci a matsayin kotun tafi-da-gidanka, inda majistare ke zama a gefen titi ranar da aka fito sintiri na musamman. Kada rumfa da teburin roba su ruɗe ku: kotu ce cikakkiya, hukuncinta hukunci ne, haƙƙoƙinku kuma suna nan yadda suke. Za a karanta maka tuhuma, a tambaye ka ko ka amsa. Idan ba ka fahimci Turancin da aka karanta ba, sashe na 36 ɗin nan ya ba ka tafinta kyauta, kuma neman tafinta ba ya rage wa malami daraja, domin Turancin shari'a ba shi ne na aji ba. Kada ka ce ka amsa don kawai rana ta yi zafi kana son tafiya. Idan ba ka amsa ba, nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, kai kuma kana da damar yi wa jami'in tambayoyi, ka kawo shaidunka, ka nemi lokacin shiri ko ɗaukar lauya. Abin da ke taimakon mutum a nan ƙanana ne: hoton takardar laifin, ranar da lasisinsa zai ƙare, sunan wurin da aka tsare shi da lokacin, da wanda ke tare da shi.

Bayan an yanke hukunci, mu da muke riƙe rajistar ɗalibai mun fi kowa sanin darajar abin da aka rubuta. Ka tambayi magatakarda lambar shari'ar da sunan kotun da majistaren ya fito, musamman a kotun tafi-da-gidanka, domin rumfar za ta tashi da yamma, fayil ɗin kuwa yana komawa rajistar kotu, can za ka neme shi. Idan tara aka yanke, ka karɓi rasidin kotu. Kundin tsarin mulki ya ba wanda aka yi wa shari'a damar samun kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da kammala ta. Da wannan kwafin ake ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, da shi kuma mutum ke kare kansa idan aka sake taso da maganar, tunda ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya. Ma'aikacin gwamnati da ba shi da shaidar yadda shari'arsa ta ƙare ya bar wa masu tsegumi fili.

Wasu sun tambaye mu game da hukuncin da suka ji a rediyo kan jami'an VIO. Gaskiya ne, a watan Oktoban 2024 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da ikon tsare mota, ko kama ta, ko cin tarar direba. Sai dai a kan hukumar Abuja aka yi shari'ar, kuma ba ta shafi Rod Sefti ba. Kada wani ya tsaya a hanyar Tambuwal yana ɗaga murya da hukuncin da bai karanta ba. Abin da ya dace, duk wanda ya tsare ka, ka tambaye shi cikin ladabi hukumar da yake yi wa aiki, da laifin da yake tuhumarka da shi, ka ce a rubuta. A kuma tuna da inshora: tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar motar gida ya koma N15,000, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Ta bogi ta yi yawa a tashoshi, ana kuwa iya duba sahihancinta da lambar mota kafin a bar wurin mai sayarwa.

Saura ƙofa ta uku, wato a dunƙule N500 a miƙa. Ba za mu yi kamar ba mu san ana yi ba. Jadawalin nan na 2007 ya sa N10,000 ga yunƙurin ba jami'i cin hanci, dokar ICPC ta 2000 kuma ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai bayarwa. Amma ko babu wannan, a garuruwanmu babu wanda bai san malami ba. Yaron da ke sayar da rake a bakin shingen, wataƙila ɗalibinka ne, gobe kuma kai za ka shiga ajinsu da darasin zama ɗan ƙasa nagari.

Ga abin da kwamiti ya tsara. Sakataren reshe zai buɗe fayil. Duk wanda aka rubuta wa takarda ya kawo kwafinta, da kwafin rasidi ko na hukunci idan an gama, a ajiye masa. Wanda ya zaɓi zuwa kotu ya sanar da mu tun da wuri, za mu sa ɗaya daga cikinmu ya raka shi, mu kuma yi magana da shugaban makarantarsa a sami mai riƙe ajinsa ranar. Reshe ba zai biya wa kowa tarar rashin hular kwano ba. Abin da muke nema a taro na gaba shi ne izinin sayo huluna da yawa a farashin sari, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan. 'Yan'uwanmu na Kebbe, waɗanda tafiya ta fi yi wa nisa, su za a fara ba.

 Wanda ya zo da takardarsa yau ya same mu a bayan zaure bayan sallar Azahar.