Wa Ke Sa A Biya Bashi?



A 1997 wasu masana suka hallara a birnin St. Louis na Amurka, suka buɗe taron farko na ƙungiyar nazarin tattalin arziki ta ISNIE, wadda yau ake kira SIOE. Shugabanta na farko shi ne Ronald Coase, wanda tun 1937 ya nuna cewa shi kansa ciniki yana da tsada: neman mai saye, duba kaya, ƙulla yarjejeniya, bin wanda ya ci amana, duk suna cin kuɗi da lokaci. Douglass North ya ɗora a kai, ya ce dokoki da al'adun da ke rage wannan tsada su ke raba ƙasa mai arziki da matalauciya. Shekara bayan shekara, abin da ake ta ja-in-ja a kai a waɗannan taruka bai wuce tambaya ɗaya ba: wa ke sa mutum ya cika alkawari?

Mu ɗauki Avner Greif. Ya duƙufa kan wasiƙun fatake Yahudawa na ƙarni na 11, waɗanda aka tono a ɗakin ajiya na wani wurin ibadarsu a tsohuwar Alƙahira. Ya ce idan wakili ya ci amanar ubangidansa a Sisili, wasiƙa za ta zagaya, kowa ya janye hannu daga gare shi, kasuwancinsa ya mutu. Bayani ne mai daɗin ji, aka yi ta koyar da shi. Sai Jeremy Edwards da Sheilagh Ogilvie suka koma kan wasiƙun, suka ce a'a, fataken nan suna kai juna gaban alƙali. A 2012 wata mujallar tarihin tattalin arziki ta buga sukarsu tare da martanin Greif.

Haka Acemoglu da Johnson da Robinson suka sha. Maƙalarsu ta 2001 ta dogara ne da alƙaluman mace-macen Turawa a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, sai David Albouy ya nuna cewa ƙasashe 36 cikin 64 aron alƙaluman wasu ƙasashe aka yi musu. Duk da haka sun karɓi kyautar Nobel a 2024. Ni a wurina, wannan titsiye shi ne amfanin taron ilimi, ba jaka da takardar shaidar halarta ba.

Bari mu dawo gida, don inda nake so mu daɗe ke nan. Tsakanin 1988 da 1989 Christopher Udry ya bi gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta wa ya ranta wa wa. Galibi babu takarda, babu jingina, ba a ma yanka ranar biya. To, yaya ake ƙarewa? Idan ambaliya ta ci gonar wanda ake bi, ko rashin lafiya ta shiga gidansa, a sassauta masa, ya biya kaɗan ko a jinkirta. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne ɗaya gefen: idan mai bin bashin ne masifa ta afka wa, wanda ake bi yakan biya fiye da yadda da zai biya. Ashe rancen inshora ne a ɓoye. Yana yiwuwa ne saboda kowa ya san gonar kowa, ba a iya ƙaryar asara, mai taurin bashi kuma dattawan gari za su kira shi.

Ɗalibai, ga aiki a gabanku. Yau wanda ake bi yana iya kasancewa a Legas yana acaɓa, ba mai ganin samunsa, kuɗi kuma ta waya ake turawa. Shin ana sassautawa har yanzu? Wa ke tabbatar da asarar? Wanda zai auna wannan sai ya bi gidajen nan tun daga shuka har girbi, ya tambayi mai bi daban, wanda ake bi daban, sannan ya gwama amsoshinsu.