Hoton Jijiyar Zuciya Kafin A Sa Ragar Ƙarfe

Jawabin Jami'in Labarai ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun

Abin da ya kawo ni yau maganar ciwon zuciya ce. Na zaɓi in yi ta a gabanku domin ku ne talakawa ke zuwa wa neman shawara kafin su sayar da gona ko shanu su kai majinyaci Abuja ko Legas, wani lokaci har Masar ko Indiya.

Kowa a nan ya san madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama cikin 1978, ya kuma san abin da ke faruwa ga shinkafa in laka ta cika magudanar da ke kai mata ruwa. Zuciya ma tana da magudanan da ke shayar da ita jini, watau jijiyoyi, babbarsu ba ta fi ƙwayar dawa kauri da yawa ba. In kitse ya taru a bangonsu sai hanya ta ƙuntace, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya ɗauki kaya. In ta toshe ɗungum, rai na iya fita nan take.

Cikin 1977 wani likita, Andreas Gruntzig, ya fara buɗe irin wannan jijiya a birnin Zurik da ɗan ƙaramin balan-balan. Cikin 1986 likitoci a Faransa da Suwizalan suka ƙara da wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent, wadda ake buɗawa a cikin jijiyar a bar ta nan ta tokare bango. Ba a tsaga ƙirji. Ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi ake zura ta.

To, ga inda wahalar take. Kitsen nan in ya daɗe yakan haɗu da kalsiyam, irin abin da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai, har ya ƙeƙashe kamar farin ɓawon da ke manne a gindin tsohuwar butar shayi. An fi samun haka ga tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu ciwon ƙoda, da masu hawan jini, da mashaya taba. In aka sa raga a jijiyar da ta zama haka, ba ta buɗewa duka. Ragar da ba ta buɗe sosai ba kuwa, jini ya fi saurin daskarewa a cikinta, hanyar kuma ta fi saurin sāke ƙuntacewa. An biya kuɗi, an sha wahalar tafiya, ciwo ya dawo.

Saboda haka likita ke son ganin bangon tun bai sa kome ba. Hoton da aka saba ɗauka, wanda ake zuba ruwan rini cikin jijiya a haska, yana nuna faɗin hanya sarai, amma bango yakan ɓuya masa. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 1995 ya duba wuraren toshewa fiye da 1,000. Hoton rini ya ga kalsiyam a kashi 38 cikin 100, amma da aka zura na'ura cikin jijiyar kanta sai aka same shi a kashi 73. Ku dubi wannan tazara.

Akwai hoton si-ti, wanda mutum ke kwanciya a tura shi cikin na'ura na 'yan mintoci. Tun 1990 likita Arthur Agatston ya tsara yadda ake ba kalsiyam maki da shi. Sifiri alama ce mai kyau, 400 zuwa sama kuwa abin ya yi yawa. Amma wanda ya fi amfani a ranar aiki shi ne na cikin jijiya, ko mai aiki da amon sauti ko mai aiki da haske. Da mai hasken ne likita ke auna ɓawon. In ya zagaye fiye da rabin bango, kaurinsa ya wuce rabin milimita, tsawonsa ya wuce milimita 5, to, ya san ragar ba za ta buɗe da daɗi ba sai an fasa shi tukuna. Akan goge shi da ɗan kan ƙarfe mai garin lu'ulu'u wanda ke juyawa sau 140,000 ko fiye a minti guda, ko a tsattsaga shi da bugun sauti, dabarar da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da ita cikin 2021. Wani majinyacin ma hoton ne zai nuna raga ba ta dace da shi ba, sai dai babban aiki ko shan magani.

Na san wasu za su ce wannan dabarar ƙara kuɗi ce. Gaskiya kuɗin kan ƙaru, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar cikin jijiya ba. Duk da haka, a ganina bai kamata dangi su matsa wa likita ya sa raga yau-yau don kuɗin masauki na cinsu ba, sai fa in bugun zuciya ne na gaggawa, wanda ba ya jira. Su tambaye shi ko jijiyar ta ƙeƙashe, da irin hoton da ya gani, da abin da zai yi a kai.

Malamai, ga naku aikin. Mai jin nauyin ƙirji a tura shi Babban Asibitin Talata Mafara, daga nan in ta kama a wuce da shi Gusau ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato. In ya dawo daga aiki, ku taimaka masa ya adana takardunsa da faifan hotonsa wuri guda, ku rubuta masa da Hausa ranar da aka sa ragar da sunayen magungunansa. Ku kuma karanta wa iyalinsa cewa maganin hana daskarewar jini yakan ɗauki watanni 6 zuwa 12 ko yadda likita ya yanka, kuma kada ya bari don ya ji sauƙi ko don azumi sai ya tambayi likitan.