Ƙashi ya ɗinku, maƙogwaro fa?

Idan aka fito da tsoho daga ɗakin tiyata a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano bayan aikin karayar ƙugu, hankalin 'yan'uwa kan ƙafa yake komawa: yaushe Baba zai taka? Ba mai tambayar yadda yake haɗiya.

Alhali nan ma akwai haɗari. Maganin kashe zafi mai ƙarfi yana kawo gyangyaɗi da bushewar baki, bututun numfashi da ake sa wa majinyaci lokacin tiyata kan bar maƙogwaro da ciwo, ga tsufa ya riga ya raunana haɗiyar. Sai mai jinya, don tausayi, ta ɗura masa ruwa yana kwance. Ya ƙware, ruwan ya bi hanyar numfashi, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da ciwon huhu su bayyana. Wani ma ko tari ba zai yi ba, wannan ya fi ban tsoro.

A tayar da shi zaune kafin loma ta farko. A ba shi kunu mai kauri, cokali-cokali, ba gaggawa. Ya zauna rabin awa bayan ya ci, a wanke masa baki. In muryarsa ta sauya bayan kurɓa, a dakata, a kira ma'aikaciyar jinya.